Filasma mai ƙarancin ɗigon hoto a farashi mai rahusa, ko sabuwar LED?

Malam, ka ce wani mai shagon kayan Beljiyam ya yi maka tayin talabijin filasma mai inci 42, ɗigon hotonta (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto a allo) 1024×768, a kuɗin da bai kai rabin na sabuwar LED mai inci 43 da 1920×1080 ba, kana tambaya ko ƙarancin ɗigon zai sa ka yi da-na-sani. A ganina ɗigon shi ne ƙaramin abin damuwa a wannan ciniki. Shekarun na'urar da cin wutarta su ne za ka sa a ma'auni.

A kan takarda tazarar tana da yawa: filasmar tana da ɗigo kusan 786,000, LED ɗin kuma sama da miliyan 2. Amma ido yana da iyakarsa. A allo mai inci 42, sai ka matso kusa da mita 2 ko ƙasa da haka kafin ka fara tantance bambancin sosai. Idan kujerar falonka tana mita 3 daga bango, kamar yawancin gidajenmu, da wuya ka rarrabe su. Sannan ka duba abin da kake kallo. Tashoshi da dama a dikoda har yanzu hoto mai layi 576 suke turowa, wanda bai ma cika ɗigon filasmar ba. Inda za ka ji jiki shi ne in ka jona kwamfuta, domin ƙananan rubutu za su fito da gefuna a dagule. Wadda nake cewa ka guje mata ko nawa aka rage ita ce mai 852×480, irin ta farkon shekarun 2000. Wannan kam ko daga nesa za ka ga hoton bai fita ba, kuma da yawansu ba su da ramin HDMI.

Ta fuskar kyan hoto, filasma tana da abin alfahari, kuma ba zan rage mata ba. Kowane ɗigo nata shi ke ba da haskensa, shi ya sa baƙinta yake fita baƙi ƙirin, ba toka-toka ba kamar na LED masu araha da ke da fitila a bayan allo. Ƙwallo idan aka buga ta da ƙarfi ba ta jan jela. Wanda ya zauna can gefe a kan tabarma yana ganin launi daidai da wanda ke tsakiya. Da daddare, an kashe ƙwai, filasma mai lafiya ta kan fi LED mai araha daɗin kallo ko da ɗigonta bai kai ba. Da rana kuwa labari ya sha bamban: fuskarta gilashi ce mai ɗaukar hoton taga da ƙofa, haskenta kuma bai kai na LED ba. Falon da rana ke shigowa, LED ce ta dace da shi.

Yanzu ga inda rahusar take zubewa. Filasma mai inci 42 takan ci wat 150 zuwa 300, gwargwadon shekarar da aka ƙera ta da kuma hasken abin da ake nunawa. LED mai wannan girma takan tsaya tsakanin wat 50 zuwa 80. Mu ɗauka taka tana cin 250, waccan 70, kana kallo awa 6 a rana: bambancin ya haura yunit 1 kullum, kusan yunit 390 a shekara. Ka ninka da kuɗin yunit a unguwarku ka ga abin da ya rage na ragin da aka yi maka. In kuwa sola da inbata ke riƙe da gidanka, maganar ta ƙare tun nan, domin filasma ɗaya za ta shanye batirin da zai riƙe LED da fanka har gari ya waye. Ƙaramin janareta ma zai ji nauyinta. Ga kuma zafin da take fitarwa, wanda a watan Afrilu ba ƙaramin abu ba ne a ɗaki.

Sai shekaru. Pioneer ta sanar da barin harkar a 2009. Panasonic ta daina ƙerawa a ƙarshen 2013, Samsung da LG suka bi sahu a 2014. Wato duk filasmar da za ka gani a kasuwa yau ta haura shekara 10, ko da an goge ta tana ƙyalli. Babu sabbin kayan gyaranta. Idan bod ɗin wuta da ke cikinta ya ƙone, mai gyara sai ya farke wata matacciya ya ciro, in ya samu irinta. LED kuwa fitilun bayanta ne suka fi mutuwa, kuma masu gyara da yawa suna canza su. Sabuwa kuma tana zuwa da garanti, abin da mai Beljiyam ba zai ba ka ba sai dai "gwada ka gani".

In ranka ya kwanta da ita duk da haka, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka na aƙalla rabin awa. Ka tafi da hoto fari fat da wani mai ruwan toka, a saka su cika allon. A nan ne tabon filasma ke tona kansa: za ka ga inuwar tambarin wata tasha a kusurwa, ko sawun layin labarai a ƙasa, wanda ya zauna daram saboda daɗewar da ya yi a wuri ɗaya. Wanda ya ƙone haka ba ya gyaruwa. Ka duba ko akwai siririn layi a tsaye, ko jajayen ɗige-ɗige masu walƙiya a wurare masu duhu. Ka kara kunne a bayanta. Ɗan zuzu ba komai, amma ƙara mai ƙarfi alamar matsala ce. Ka karanta takardar da ke manne a baya don ganin shekara da wat, kuma ka tabbatar an rubuta ƙarfin wuta volt 220 zuwa 240, domin wadda aka yi wa kasuwar Amurka ta 120 ce, jona ta kai-tsaye zai ƙona ta. Wajen ɗauka a tsaye za a riƙe ta, mutum biyu, don nauyinta kan kai kilo 25 ko fiye, kuma kwantar da ita a bayan mota kan tsaga gilashin.

Ni dai zan ce ka saye ta ne kawai idan wutarku tsayayya ce, kallonka na dare ne, kuma kuɗin ya yi ƙasa har ba za ka ji ciwo ba in ta mutu bayan shekara guda. In ɗaya daga cikin ukun nan bai cika ba, ka ƙara haƙuri ka cika kuɗin LED, ko ka sauko zuwa mai inci 32 sabuwa.