Kwatano ko Lome? Ki kama hanyar Kwatano

Hajiya, in dai teku da aikin hannu ne suka sa ki tambayar Kwatano ko Lome, to Kwatano ta ƙasar Benin za ki. Amma kada ki ƙare hutun cikin hayaƙin zemijan, wato 'yan kabu-kabunsu, ki wuce Wida, kamar kilomita 40 yamma da garin.

A Wida akwai gidan zane-zane na Fondation Zinsou, cikin wani tsohon bene da aka gina a 1922. Tun 2013 suka buɗe shi, kuma ba a biyan ko dala a ƙofa. Daga tsakiyar gari hanyar bayi ta miƙe wajen kilomita 4 har bakin ruwa, inda aka gina ƙofar nan ta tunawa da waɗanda aka loda a jirgi ba su dawo ba, a 1995. Ki je da yara, su gani da idonsu abin da ake karanta musu a lakwal. Ɗakin bautar gargajiya da ake ajiye mesa a ciki, gaban babbar majami'a kuwa, ni daga waje na gaishe su.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne zanen Abome, tsohon birnin sarakunan Dahome, da ke rataye a falona nan Yamai. Yanka ƙyalle suke yi kala-kala, su ɗinka bisa baƙin yadi da hannu, kowane sarki da tambarinsa: Gezo ɓauna, Gelele zaki, Behanzin kifin teku da ƙwai. Tsohon da ya sayar mini yana zaune da allura a baki, ya juya mini bayan zanen ya ce in duba ɗinkin tukuna, kuɗi ya biyo baya. Ƙurar hunturu ta sha hawa kansa, an wanke, har yau jan bai zuba ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi labarin zakin kafin a kawo mishi ruwa.

Cikin Kwatano ma ba sai kin shiga wani gida ba. Katangar tashar jiragen ruwa gaba ɗaya zane ce, ga mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022 can kusa. Abinci da masallaci kuma ki nufi Zongo, Hausa za ki ji ko'ina.

Lome ba laifi. Fadar gwamnan Jamus da suka gyara ta koma gidan baje kolin zane a 2019 tana da kyau, akwai atamfa a babbar kasuwa, amma wuni ɗaya kin gama. Icen sassaƙa da na sayo can, wai baƙin ice ne na asali, da zafin Afrilu ya taɓa shi sai ya tsage, ciki fari fat. Man takalmi ne aka shafe shi da shi.

Wannan kuma ba halin gari ɗaya ba ne, duk bakin tekun haka suke. Wanda ya biyo ki da tagulla ko fuskar ice yana rantsuwa ta kakansa ce, ƙarya yake, jiya aka turara ta da hayaƙi. Ki goga farin ƙyalle a jiki ki gani. In ya ce jika ashirin ki fara daga biyar, kuma ki saya wurin wanda kika tarar yana aikin, ba wurin ɗan rakiyar da ke da kamasho ba.

Ruwan kuma kallo kawai. Igiyar wannan gaɓar tana jan mutum ciki, ba irin kogin Isa ba ne, ki riƙe hannun yara. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin jaka, sannan ki bincika halin da mashigar Gaya take ciki kafin ki yanki tikiti, don tun rufe gada a 2023 jirgin ruwa mutane suka koma shiga zuwa Malanbil, ɓangaren Benin.