Fim ɗin maita mai kashi uku: ya iya ba da tsoro, amma ƙarshensa ya ɓata min rai

Ranar Juma'a bayan la'asar na tsaya a shagon masu turin fina-finai da ke bakin layinmu a Kurna, na ce wa yaron ya zuba min wani abu mai ban tsoro a waya. Ya ce, "Yaya, in na gida kake so akwai wani na maita, kashi uku ne, amma fa kada ka kalla kai kaɗai." Na biya naira 300, na kalle shi a dare biyu. Ba zan kama sunan fim ɗin ba, domin ina da ƙorafi a kansa, kuma ba shi kaɗai ke da wannan halin ba.

Labarin wata amarya ne da ta tare a gidan yawa a cikin birni. Ba ta rufa wata uku ba ta fara ramewa, gashinta na zubewa, fatar hannunta na saɓulewa, da dare kuma ta yanke jiki ta faɗi tana kumfar baki. Kana gani ka san ba a kashe kuɗi ba: gida ɗaya, soro ɗaya, kango ɗaya, 'yan wasan ba su kai goma ba. To amma a kashi na farko rashin kuɗin nan alheri ya zame musu. Da yake ba su da manyan fitilu, sai suka yi aiki da fitilar caji da hasken farin wata, duhun ya fito irin duhun da muka sani in an ɗauke wuta. Akwai inda amaryar ta farka tsakar dare tana jin ana daka a tsakar gida, luguden taɓarya biyu, ta leƙa ta ga turmi a kife babu kowa. Ba jini, ba dodo, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wanda ya shirya wurin nan ya tashi a gidan da ake hana yara fita da almuru, ya san abin da Bahaushe ke tsoro.

Mai kwalliyar ciwo ma ta yi ƙoƙari. Gyambon ƙafar amaryar da ke tsatsar ruwa ya sa na ajiye kwanon tuwona. Kuma ba su katse mana tsoro da rawa da waƙa ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a Kannywood. Inda suka gaza shi ne aikin kwamfuta: koren wuta a idon mayya, da kurwa da ke tashi kamar hayaƙin shara. Sauti kuma yakan nutse, wani wurin har ƙarar janareta kana ji. Waɗannan duk zan iya yafewa. Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 masana'antar nan da ƙaramin jari take tafiya, yanzu kuma da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, kowa ya koma YouTube da masu turi.

Abin da ban yafe ba yana kashi na uku. An kai amarya asibiti, likita ya duba ta na minti ɗaya ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba na asibiti ba ne, ku koma gida." Daga nan aka nuna tsohuwar da ke sayar da daddawa a ɗakin ƙofar gida, wadda ba ta da ɗa ba ta da jika, aka ce ita ta kama kurwar yarinya. Matasa suka jawo ta, aka tuɓe mata ɗankwali, aka tilasta ta tsallaka marar lafiya, ta amayar da ƙanƙarar maita, amarya ta miƙe garau. Fim ɗin ya tsara wurin ne don mai kallo ya ji sanyi a ransa.

Ni ban ji ba. Ƙanina yana da farfaɗiya tun yana ɗan shekara tara, kuma faɗuwar da amaryar nan ke yi, da sandarewa, da kumfar baki, sak irin tasa ce. Shekara biyu muka yi ana hayaƙi ana shafe-shafe, har aka fara nuna wata dattijuwar maƙwabciyarmu da baki. Umma ce ta tsaya ta ce ba da ita za a ɗauki alhakin baiwar Allah ba. Da aka kai shi Asibitin Malam Aminu Kano aka ɗora shi a kan ƙwayar da yake sha kullum, faɗuwar ta yi sauƙi har ya gama sakandare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Dattijuwar kuwa har ta rasu yaran unguwa ba sa karɓar abu daga hannunta.

Ba cewa nake a daina fim ɗin maita ko na aljanu ba, ina son su, kuma sihiri da kambun baka ba baƙin abu ba ne a wurinmu. Amma me zai hana mai asirin ya zama wani mai ƙarfi a gidan, a bar tsohuwa marar gata? Me ya sa sai an sa likita ya sallama ciwon da ake maganinsa a Kano kullum? Hukumar tace fina-finai ta jiha, da aka kafa tun 2001, tana sa ido sosai a kan sutura da rawa. Ina fata ta riƙa duban irin wannan wurin ma, inda ake dukan tsohuwa ana kabbara.

Mai son tsoro ya kalli kashi na farko da na biyu, zai more kuɗinsa, amma kada a kalla da yara. Jiya ƙanin nawa ya ce in tura masa ta Xender, ya ji abokansa na labarin turmin nan. Na tura masa biyun farko, na ukun na riga na goge shi.