Fanka ko taya: wanne ya fi dacewa da mutum-mutumin faɗa?

A gasar BattleBots ta Amurka, inda ake haɗa na'urori masu nauyin kilo 113 a keji ɗaya, kusan kowa taya yake sawa. Taya tana kama ƙasa, iya nauyinka iya ƙarfin turinka. Ka saki maɓalli, ta tsaya cak.

Fanka kuwa iska take hurawa baya, na'urar ta sulale gaba. In za ka juya hagu, sai ka ƙara wa fankar dama wuta, ka rage wa ta hagu. Tsayawar ce aiki. Babu birki, sai dai ka juya iskar, kafin nan ka sha bango. Ga cin batir kamar me. Guntun ƙarfe ɗaya ya faɗa tsakanin fukafukan, shi ke nan.

Amma tana da ranarta. Abokin karawa ya cusa maka ƙarfe ta ƙasa ya ɗaga tayoyinka, ka zama kaya. Mai fanka ko an ɗaga shi yana nan yana turi. A ƙaramin ajin giram 150 na Ingila zan iya gwada ta. A kilo 113 kam, a ba ni taya.