Hattara da masu sayar da aikin koyar da Turanci a Koriya ta Kudu

Jama'a, akwai wani talla da ke yawo a WhatsApp da TikTok kwanakin nan, wai ana neman malaman Turanci a makarantun Koriya ta Kudu: albashi won (kuɗin Koriya) miliyan biyu da wani abu a wata, gida kyauta, kuɗin jirgi a kansu, digiri ko NCE ya wadatar, a hanzarta don guraben sun kusa cika. Ko waye ya turo muku, kada ku biya ko sisi.

Abin da ya sa yake kama masu ilimi ma shi ne rabinsa gaskiya ne. Aikin yana nan. Gwamnatin Koriya tana da shirin EPIK tun 1995, wanda ke kai baƙin malamai makarantun gwamnati, ga kuma makarantun kuɗi da yara ke zuwa bayan an tashi boko, waɗanda suke kira hagwon. Albashin da ke cikin tallan bai yi nisa da na gaskiya ba, ana ba da ɗaki, wanda ya cika shekara kuma ana ƙara masa albashin wata guda na sallama. In ka bincika a intanet duk za ka tarar da haka, sai hankalinka ya kwanta.

Abu ɗaya suka ɓoye, shi ne kuma gaba ɗayan maganar. Bizar wannan aiki, E-2, ana ba da ita don koyar da Turanci ga masu fasfon ƙasashe bakwai ne: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, kuma digirin ma daga jami'ar waɗannan ƙasashe ake so. An ɗan buɗe wa Indiyawa masu shaidar malanta ƙofa saboda yarjejeniyar kasuwanci da ta fara aiki a 2010. Najeriya ba ta ciki, haka Gana da Kamaru, balle Nijar ko Chadi. Na san abin da ciwo. Malamin da ya karanta Turanci a Zariya ko Kano zai iya fin wani yaro daga Amurka iya nahawu nesa ba kusa ba, ni ma ban ga adalci a tsarin ba. Amma dokar shige da ficen ƙasarsu ce, babu ejan da ke zaune a Legas ko Abuja da zai canza ta da "ina da mutum a ciki".

Na ga takardar da suka aiko wa wani ƙanena. Tambarin makaranta a sama, rubutun Koriya layi biyu, jan hatimi a ƙasa, sunansa ma an rubuta shi daidai da na fasfo, tunda shi ya tura musu hotonsa tun farko. Sai dai adireshin imel ɗin na Gmail ne, asusun da aka ce ya tura kuɗi kuwa sunan wani mutum ne a bankin nan gida. Hirar ɗaukar aikin da aka yi masa ta murya ce kawai, mutumin ya ce kyamararsa ta lalace. Ana farawa da kuɗin fom, kaɗan, don kada ka ji nauyi. Sai na tantance takardu, sai na inshora, sai na "lambar biza". Duk kuɗin da ka biya, shi zai sa ka ji ba za ka iya ja da baya ba.

A hanyar gaskiya malami ba ya biyan dillali, makarantar ce ke biyansa. EPIK ba ta karɓar kuɗin nema. Lambar bizar kuwa makaranta ce ke nemo ta daga hukumar shige da fice a can, kai kuma ka je ofishin jakadancin Koriya da kanka.

Wasu sun fi waɗannan hatsari. Su za su ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta koyon harshen Koriya, in ka isa "za a juya maka ita". Koyarwa a can ba da izini ba laifi ne, ƙarshenta tara da kora da hana ka sake shiga. Kafin nan kuma mai makarantar da ya san ba ka da takarda zai iya riƙe albashinka, ba ka da bakin kai ƙara. Haka masu cewa to ga aikin masana'anta: bizar leburori ta E-9 ƙasashen Asiya ake ba wa, babu ƙasar Afirka a jerin.

Mai son Koriya da gaske ya nemi tallafin karatu na gwamnatin Koriya, GKS, wanda 'yan Najeriya suna samu ta ofishin jakadanci a Abuja ko ta jami'o'in can, nema kuma kyauta ne. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya je bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawa, ya ajiye saƙonnin kada ya goge, ya kai ƙara EFCC. In sun karɓi fasfo ko suna shirin fitar da wani, musamman 'ya mace, a sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Kuma ku gaya wa iyaye, don galibi su ake sa wa su sayar da fili ko shanu a biya.