Gargaɗi ga 'yan kasuwa: ana yawo da takardun kwangilar ƙaramar hukuma na bogi

Assalamu alaikum. Ƙanina ne abin ya faɗa wa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya ce in rubuta don kada a sake cutar wani.

Siminti da kwanon rufi yake sayarwa a bakin kasuwar garinmu. Wani mutum ya yi kusan wata biyu yana zuwa shagonsa, ya sayi buhu biyu ko uku, ya biya lakadan, ya zauna a sha hira. Kullum cikin shadda mai sitaci, da fayil a hammata. Ya ce shi na hannun daman ciyaman ne. Rannan ya ajiye masa takardar LPO, wato odar sayen kaya ta hukuma, a kan benci, da tambarin ƙaramar hukuma a sama, da hatimi shuɗi, da sa hannu guda biyu. Wai majalisa ta amince a gyara rumfunan kasuwa da mayanka, ana son siminti buhu 300 da kwano bandir 20, a farashin da ya ɗara na kasuwa sosai. Ya ce masa: "Alhaji, ai yanzu kuɗi daga Abuja suke sauka kai tsaye, sati biyu za ka ji alat."

Da wannan magana suke kama mutane, domin akwai gaskiya a gefenta. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. Kowa ya ji a rediyo. Abin da ba sa faɗa shi ne aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma abin da ke shigowa duk wata, albashin ma'aikata da na malaman firamare ne ke cinye kaso mai yawa daga cikinsa. Ƙaramar hukumar da ke fama da gyaran kwalbati ɗaya ba za ta bi ɗan kasuwa har shago tana roƙonsa ya sayar mata da kaya da tsada ba.

Da farko mazambacin ya karɓi kuɗin fom da na rajistar ɗan kwangila, ta asusun wani mutum, ba rasit. Daga baya ya ce sai an ba da kason oga kafin fayil ya motsa, aka ba shi. Ƙanina bai da jarin da zai cika odar, sai ya ɗauko rabin simintin bashi wajen dilansa. Ranar kai kaya aka ce siton hukuma ya cika, a sauke a wani shago a bayan sakatariya. Wani yaro mai biro a kunne ya ƙirga buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu a matsayin sito-kifa. Bayan kwana uku waya ta daina shiga. Da muka je, shagon a buɗe yake, an share shi tas, sai farar ƙurar siminti a ƙasa. Mai shagon ya ce haya ta wata ɗaya aka kama.

Abin da ya fi ƙona min rai, sakatariyar ba ta kai tafiyar minti biyar daga wurin ba. Da muka shiga ofishin ma'aji da takardar, kallo ɗaya ya yi mata ya ce lambar ba ta cikin littafinsu, sa hannun kuma ba nasa ba ne. Na tambayi ƙanina me ya hana shi shiga tun farko. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, cewa ya yi idan na shiga ciki manya za su ƙwace aikin su ba yaransu." Ba zan ɓoye ba, akwai laifinmu a nan. Mun saba ganin kwangila a matsayin abin da ake samu ta bayan gida, shi ya sa da aka ce masa ya rufe baki bai ga abin zargi ba. Kuma wanda ya ba da kason oga kunya da tsoro suke hana shi kai ƙara, mazambatan sun san da haka sarai.

Kuɗin ƙaramar hukuma yana da hanyar da yake bi kafin ya fita. Aikin sai ya kasance cikin kasafin kuɗin shekara. Sashen ayyuka ne zai yi ƙiyasi, kwamitin kuɗi ya zauna a kai, a rubuta a littafin zama, idan adadin ya yi yawa a jihohi da dama sai an nemi amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. Mai kawo kaya ana neman rajistarsa ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji. Kaya kuwa siton hukuma ake kai su, a shigar a littafi, mai binciken kuɗi ya duba, sannan a yi bauca, wato takardar biyan kuɗi. Duk wani kuɗin fom asusun hukuma ake zuba shi, a ba ka rasit mai lamba. Ko'ina a wannan hanya akwai ofis da ma'aikacin da za ka iya tsayawa gabansa ka tambaya.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa irin wannan takarda, ya ɗauke ta da ƙafarsa ya shiga sakatariya da rana tsaka, ya ga ma'aji da shugaban sashen ayyuka, ba tare da wanda ya kawo ta ba. Kada ya kira lambar wayar da ke jikin takardar, tasu ce. Haka suke yi da takin zamani, da kujerun makaranta, da gyaran rijiyar burtsatse, har da rabon rumfunan kasuwa.

Wanda kuma an riga an cuce shi, ya adana takardar da shaidar tura kuɗi da saƙonnin waya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Idan akwai hannun ma'aikacin gwamnati, ICPC ma tana karɓar ƙorafi. Mu mun kai tamu. Dilan ya yi wa ƙanina sassauci yana biya kaɗan-kaɗan duk ranar kasuwa, amma rabin shagon har yau ba kaya.