Faiba, kabon ko gora: wace sandar fatsa ta cancanci wahalar haɗawa?

Wanda zai haɗa sandar fatsa da hannunsa, wurare uku kuɗinsa ke tafiya: tsurar sandar, zobban da zare ke bi ta cikinsu, da gam ɗin da zai rufe naɗin zaren da ke ɗaure zobban a jikin sandar. Sauran kayan aikin duk a gida ake harhaɗa su. Sandar iri uku ce a gabanka, kuma kada in wahalar da kai, ni faiba, wato sandar zaren gilashi, nake saye.

Gora ba ta da laifi ga mai neman karfasa a bakin kududdufi, amma sai ta ƙosa an sare, ta yi watanni tana bushewa a inuwa, kuma ɗaura mata ril, wato abin naɗe zaren fatsa, aiki ne ja. Kabon, wato sandar zaren kabon, wanda kamfanin Fenwick na Amurka ya kawo kasuwa a 1973, ba shi da nauyi, ko kifi ya ɗan taɓa tana sai ka ji a tafin hannunka. Sai dai ba ya ɗaukar bugu. Ya ƙwalu da bakin kwale-kwale yau, ba za ka ga komai ba, gobe yana tsakiyar jan kifi ya karye daidai wurin. Ga shi wutar lantarki na bin jikinsa, saboda haka ɗaga shi ƙarƙashin wayar wuta ko lokacin da hadari ya haɗu ganganci ne. Mai zugewa kamar eriyar rediyo kuwa, yashi na shiga gaɓoɓinta zance ya ƙare.

Faiba ita ce sandar mutumin da zai ɗaure kayansa a bayan babur ya nufi Tiga ko Challawa ta hanyar burji. Ta faɗi, a taka ta, rana ta dake ta, tana nan. Kuma lanƙwasarta ta daban ce: ba kan kaɗai ke rusunawa ba, tana tafiya har kusa da mariƙi, don haka idan tarwaɗa ko ramboshi ya fizga ya nutsa, sandar ce ke shanye ƙarfin, zare bai tsinke ba, ƙugiya ba ta yage bakin kifin ba. Masu kushe ta suna cewa nauyi gare ta. Gaskiya ne, amma yawancinmu tana muke sa wa ƙugiya mu kafa sandar a gaɓa mu zauna jira, to ina nauyin ya dame ka? Faiba akwai mai rami a ciki, akwai cikakkiya. Cikakkiyar ta fi taurin rai, mai ramin ta fi daɗin jifa, kuma tsawon ƙafa 6 zuwa 7 ya ishi kusan kowa. Ko Ugly Stik, da kamfanin Shakespeare ya fitar a 1976 ta yi suna wajen ƙin karyewa, gaurayen faiba da kabon ce, kan sandar kuma faiba zalla. In ka yi sa'ar tsohuwar sandar faiba a gwanjo wadda zobbanta suka lalace, kada ka bar ta. Ka kankare tsohon naɗin da reza a hankali, ka goge da samfefa mai laushi, ka samu tsurar sanda da arha.

To, sai maganar ha'inci, wanda ya yi yawa a wannan harka. Ana fentin faiba da baƙi, a liƙa mata leda mai zanen saƙar kabon, a rubuta mata lambobi masu ban tsoro, a sayar maka da kuɗin kabon. Cire murfin gindin ka haska tocila: bakin faiba fari-fari ne ko ruwan ɗorawa, na kabon baƙi ne har ciki. In mai kaya ya hana ka cire murfin, ka riga ka samu amsa. Ana kuma iya taɓa tsurar bakin da mitar masu gyaran rediyo, domin kabon na wuce da wuta, faiba ba ta yi.

Zobba sun fi ba ni tsoro. Zoben ƙarya ya taɓa raba ni da kifin da na riga na ga bayansa a saman ruwa, domin abin da aka sayar mini a matsayin tangaran roba ce mai ƙyalli, zare ya yi mata gurbi, ita kuma ta yanke zaren. Kamfanin zobba na Fuji na Japan ne sunan da kowa ya sani, shi ya sa shi aka fi bugawa a jikin jabu, tambarin kaɗai ba hujja ba ne. Karta cikin zoben da reza: na gaske ba ya nuna alama, roba kuwa nan take za ta yi zane. Sannan ka zura auduga ka juya, in ta maƙale akwai tsaga. Ka ba na kan sandar kulawa ta musamman, shi ke shan wahala fiye da kowanne. A lissafi, kusan zobe ɗaya ake sa wa kowace ƙafa, ban da na kan.

Wajen naɗi ba ka buƙatar inji. Kwali ka yanka wa baki biyu masu siffar V ka kwantar da sandar, ka jefa ƙwaryar zaren cikin kofi, ka bi da zaren ta tsakiyar littafi mai kauri. In kana son ya ƙara tauri sai ka ɗora wani littafin a kai. Zaren nailon za ka nema, mai lamba A ga ƙaramar sanda, D ga babba. Na auduga gashi yake tayarwa, zaren surfani kuma, duk da kyan launinsa, wani yana da santsin da ke sa gam ya ƙi kwanciya. Nailon yana duhu in gam ya jiƙa shi, ja ya koma ruwan hanta, don haka gwada a guntun sanda tukuna. Ado kaɗan ya fi: siririn layin ruwan gwal a bakin kowane naɗi, da sunanka kusa da mariƙi. Fatar dukawa tana da kyau a mariƙi amma tana shan ruwa ta yi wari, robar tsohon tiyub ta fi ta aiki.

Sufa gulu fari yake yi ya tsattsage, gam mai kamawa cikin minti biyar kuma ba ya ba ka lokacin shafawa. Nemi mai haɗi biyu mai jinkirin bushewa, ka auna kowanne daidai da sirinji. Dole sandar ta riƙa juyawa har ya kama, in ba haka ba ya taru a ƙasa. Ɗan injin da ke juya faranti a mataccen maikirowef, mai zagaye 5 ko 6 a minti, ya isa. In babu wuta ka riƙa juya ta da hannu duk bayan 'yan mintuna na tsawon awa biyu, kuma in lokacin hunturu ne ka kifa mata babban kwali saboda ƙura.