Sharhi kan bitar horar da ɗaliban likitanci su koyar da 'yan uwansu

Na halarci bitar kwana biyu da makarantarmu ta shirya wa ɗaliban manyan azuzuwa waɗanda za su riƙa koyar da na ƙasa da su, kuma na shiga da zaton cewa duk wanda ya iya aiki zai iya koyar da shi. Tun a zaman farko aka raba ni da wannan zato.

Abin da ya fi amfani shi ne matakai huɗu da likitan fiɗa Rodney Peyton ya bayyana a 1998. Mai koyarwa zai fara yin aikin ba tare da magana ba, ya maimaita a hankali yana bayani, sannan ɗalibi ya riƙa faɗin abin da za a yi shi kuma yana aikatawa, daga ƙarshe ɗalibin ya yi da hannunsa. Mun gwada da saka kanula, wato ɗan siririn bututun da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa ko ba da magani, a hannun roba. A mataki na uku abokiyar aikina ta manta ta ce a kwance robar da aka ɗaure dantse da ita, sai malamar ta tsaya cak da allura a hannu, ba ta ce uffan ba, har abokiyar tawa da kanta ta tuna. Da ni ne, da tuni na faɗa mata amsar, na hana ta gane kuskurenta.

Sashen gyara wa ɗalibi kuskure bai kai wannan ba. An koya mana ƙa'idojin Pendleton na 1984, inda ɗalibi ke fara faɗin abin da ya yi daidai kafin a zo kan gyara, amma an gaggauta shi har ya koma hadda.

Babban giɓin kuwa shi ne ba a taɓa maganar abin da mai koyarwa zai yi idan aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa ba, alhali ɗalibin da ke jin kunyar cewa bai sani ba yana iya dasa kuskure a kan mutum goma a zama ɗaya. Ina ba duk ɗalibin da ya samu dama shawarar ya shiga, su kuma masu shiryawa ya kamata su sa babban likita ya zauna a darasinmu na farko ya ji abin da muke koyarwa.